Saƙa da Warwara: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Yawan Tunani da Ciwon Damuwa a Jami'a

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan. Da la'asar sakaliya, in awaki sun dawo daga jeji sun kwanta a gindin danga, sai ka ga bakinsu yana ta motsi alhali babu ko ƙwayar dusa a gabansu. Tuƙa suke yi. Abin da suka haɗiye tun da hantsi shi suke dawo da shi baki, su sake taunawa, su sake haɗiyewa. Daga wannan ɗabi'a ta dabbobi masana halayyar ɗan Adam a Turai da Amurka suka aro sunan da suka raɗa wa wani irin tunani, wanda mutum yake maimaita damuwa ɗaya a zuciyarsa dare da rana ba ya kai ta ko'ina. Sai dai akuya in ta yi tuƙa ƙiba take yi ta kawo nono, ɗan Adam kuwa ramewa yake yi.

Mu a nan ba sai mun yi aron suna ba. Muna cewa wane yana saƙa da warwara, ko ya zabga tagumi, ko tunani ya yi masa yawa. Tsohuwa in ta ga jikanta ya yi jugum ya tallabe kumatu, takan buge hannun ta ce, "Cire tagumin nan, uwarka da ubanka suna da rai." Ba ta karanta ilimin ƙwaƙwalwa ba, amma ta san zaman nan ba ya haifar da ɗa mai ido.

A ce ga wani ɗalibi ɗan aji uku. An kafe sakamako a allon sashensu, ya kutsa cikin cunkoso, ya bi lambar rajistarsa da yatsa har ya kai ƙarshen layi, ya ga kwas biyu sun kayar da shi. Yanzu ƙarfe biyun dare ne. An ɗauke wuta, 'yan ɗaki suna ta minshari, shi kuwa yana kwance rigingine a kan gadon sama yana kallon silin. Me ya sa sai ni? Wane da ba ya zuwa lakca ya wuce, ni da nake kwana a aji na faɗi. Da na sani da ban je bikin nan ba ana saura mako biyu jarrabawa. Me zan ce wa Baba, shi da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin rajista? Anya ma ina da kan karatu? Tun a sakandare haka nake. Daga nan sai zaren ya koma farko: me ya sa sai ni? Har aka kira assalatu bai rintsa ba, kuma cikin awa huɗun nan ko sau ɗaya bai tambayi kansa yaushe ake rufe rajistar kwasa-kwasan zangon da ke tafe ba.

In ka tare shi da safe ka ce, "Malam, ka rage tunani," cewa zai yi, "Ai mafita nake nema." Gaskiyarsa yake faɗa iya abin da yake ji, kuma a nan tarkon yake. Saƙa da warwara tana zuwa ne sanye da rigar neman mafita. Mai yin ta yana ji a jikinsa aiki yake yi, har gajiya yake yi kamar wanda ya wuni a gona, ga shi kuwa ko kunya ɗaya bai ja ba.

Ciwon da ake magana a kansa

Kowa yana shiga ɓacin rai, kuma wanda ya faɗi jarrabawa ya kwana biyu ba walwala lafiyarsa lau. Abin da likitoci suke kira ciwon damuwa ya wuce nan. Shi ne mutum ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kullum kuma kusan wuni guda, yana cikin ƙuncin rai ko ya daina jin daɗin duk abin da ya saba jin daɗinsa, sannan wasu alamomi su biyo baya: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita kai, jiki ya mutu, a karanta shafi sau uku ba a riƙe komai ba, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, wani lokaci har ya fara ganin gara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne suke fama da shi, kuma ya fi kama mata.

'Yan jami'a suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wani nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara bincike 24 daga ƙasashe daban-daban, ya gano cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku yana ɗauke da alamomin ciwon. Wani kuma da aka yi a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya aka buga a 2018 ya tambayi sababbin ɗalibai kusan 14,000 a manyan makarantu 19 na ƙasashe takwas, ciki har da Afirka ta Kudu, ya tarar kusan ɗaya cikin biyar ya yi fama da shi a cikin shekarar da ta gabata. Ba abin mamaki ba ne. Shekarun jami'a su ne shekarun da yaro ya fara barin gida, ya fara riƙe kuɗinsa, ya fara soyayya ta gaske, ya kuma fara faɗuwar da babu mai tare masa.

Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu kan wasu ɗaliban Najeriya da suke zuwa da koke iri ɗaya: kai yana zafi kamar an hura wuta, wani abu yana yawo a cikinsa kamar tsutsa, ido yana yaji in an buɗe littafi, karatu ba ya zama. Ya sa wa abin suna gajiyar ƙwaƙwalwa. Likitoci da yawa daga baya sun ga cewa damuwa da fargaba ne suke fitowa ta jiki. Har gobe ɗalibin da ke cikin wannan hali ba zai ce maka yana da ciwon damuwa ba. Cewa zai yi kansa ke ciwo, ko taifot ne ya ƙi jin magani.

Girgizar ƙasa da minti takwas

Wadda ta fi kowa bin diddigin saƙa da warwara ita ce Susan Nolen-Hoeksema, malamar ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, wadda ta koyar a jami'o'in Stanford da Michigan da Yale kafin rasuwarta a 2013. Tambayar da ta fara da ita ita ce me ya sa ciwon damuwa ya fi yawa a mata. Amsar da ta kawo a ƙarshen shekarun 1980 ita ce, ɓacin rai kan zo wa kowa, amma abin da mutum ya yi da shi bayan ya zo shi ke yanke ko zai wuce ko zai yi kaka-gida. Ta kuma gano cewa a jimlace mata sun fi maza zama su juya damuwa a zuci.

Sai ƙaddara ta kawo mata gwajin da ba mai iya shirya shi. A watan Oktoba na 1989 ita da abokiyar aikinta sun raba wa ɗalibai 137 a Stanford takardun tambayoyi kan halin da zuciyarsu ke ciki da kuma yadda suke yi in ransu ya ɓaci. Bayan kwana 14, ranar 17 ga wata, girgizar ƙasa mai ƙarfi ta afka wa yankin San Faransisko, ta kashe mutum 63. Sai suka koma wurin ɗaliban bayan kwana goma, suka sake komawa bayan mako bakwai. Girgiza ɗaya ce ta kaɗa kowa, amma waɗanda tun kafin ta zo suke da ɗabi'ar saƙa da warwara su ne aka tarar sun fi nuna alamomin ciwon damuwa, ko da an yi la'akari da halin da kowa yake ciki tun farko.

Gwajin da ni ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ta yi da ɗalibarta Sonja Lyubomirsky, aka buga a 1995. Sun kawo ɗalibai iri biyu, masu ɗan ƙuncin rai da waɗanda ransu fes. Aka ce wa wasu su yi minti takwas suna tunani a kan kansu: yadda suke ji, me hakan ke nufi, me ya sa suke yadda suke. Wasu kuma aka ce su yi minti takwas suna hasko abubuwan da ba su shafe su ba, kamar jirgin ruwa yana ratsa teku a hankali. Daga nan aka ba kowa matsalolin zamantakewa irin na yau da kullum, misali ka lura abokanka suna gudunka, aka ce ya faɗi matakan da zai bi ya gyara. Masu ƙuncin ran da aka sa su tuƙa su suka kawo mafita mafi rauni. Masu ƙuncin ran da aka ɗauke musu hankali na minti takwas kacal kuwa, mafitarsu ta yi kafaɗa da kafaɗa da ta waɗanda ba su da damuwar komai.

Abin da wannan ke nunawa shi ne basirar tana nan, ba ta gudu ba. Hayaƙi ne ya turnuƙe ɗakin. Wani binciken da Lyubomirsky da abokan aikinta suka biyo da shi a 1999 ya ƙara da cewa mai saƙa da warwara yana ganin matsalarsa ta fi girmanta na gaskiya, yana ganin ba ta da magani, kuma ko ya gano abin da ya kamata ya yi, da wuya ya tashi ya yi.

Kada a ɗauka duk wani zurfin tunani illa ne. A 2003 Nolen-Hoeksema da abokan aikinta sun sake tace tambayoyin da suke auna wannan ɗabi'a da su, suka ga ta rabu gida biyu. Akwai tunanin tagumi, wanda mutum yake gwada halin da yake ciki da wanda ya so ya kasance a ciki, yana zargin kansa, yana tambayar laifin me ya yi. Akwai kuma nazari, wanda mutum yake keɓewa da niyya don ya fahimci abin da ya faru. Dukansu biyu ba su da daɗi a lokacin da ake yin su. Amma bayan shekara guda, masu tunanin tagumi damuwarsu ƙaruwa ta yi, masu nazari kuwa tasu raguwa ta yi.

Yadda mutane suke tunkarar matsala

Wani reshen binciken ya taso ne daga wani wurin. Tun 1971 Thomas D'Zurilla da Marvin Goldfried, a jami'ar Stony Brook da ke jihar New York, suka kawo ra'ayin cewa warware matsalolin rayuwa sana'a ce da ake koyo, kamar ɗinki ko tuƙin mota. Daga baya D'Zurilla da Arthur Nezu da wani abokin aikinsu suka fitar da ma'auni da ya kasa al'amarin kashi biyar. Biyu sun shafi idon da mutum yake kallon matsala da shi, uku sun shafi abin da yake yi da hannunsa.

A ɓangaren kallo, wani in matsala ta taso yana ganin ta a matsayin abin da rayuwa ta gada, mai yiwuwa a shawo kansa in an ba shi lokaci. Wani kuwa yana ganin ta a matsayin bala'i, yana shakkar kansa tun bai fara ba, kuma ƙaramin cikas ya isa ya karya masa gwiwa. A ɓangaren aiki, akwai mai bi daki-daki: ya tantance mene ne matsalar, ya jero hanyoyi, ya auna su, ya zaɓi ɗaya, ya gwada, ya duba sakamako. Akwai mai gaggawa, wanda abin da ya fara faɗo masa a rai shi yake aikatawa. Akwai kuma mai kauce-kauce, sarkin "sai gobe", mai jiran matsala ta gaji ta tafi da kanta ko wani ya zo ya ɗauke masa.

Koma ga ɗalibinmu mai kwas biyu a wuya. In mai gaggawa ne, kafin azahar ya tura wa malamin kwas ɗin saƙo mai zafi, ko ya sanar a ɗaki cewa ya bar karatun zai koma kasuwa, ko ya fara neman wanda zai "gyara" masa sakamako, ya ƙara wa kansa wata matsalar da ta fi ta farko. Sauri ya haifi nawa. In mai kauce-kauce ne, zai daina bi ta gaban sashen, ya daina ɗaga wayar gida, ya wuni yana latsa waya daga wannan bidiyo zuwa wancan har a rufe rajista. Wani kaucewar tasa takan kai shi ga kwalba. Ba a manta da yadda maganin tari mai kodin ya yi wa matasa kamun kazar kuku ba, har gwamnatin Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018.

To ina saƙa da warwara take shiga cikin waɗannan? Wani bincike da Akira Hasegawa da abokan aikinsa suka yi a Japan, aka buga a 2018, ya bi wannan tambaya kai tsaye. Sun fara da ɗaliban jami'a 284, suka auna su sau uku, mako huɗu tsakanin kowane awo. Sun gano abu biyu. Na farko, saƙa da warwara da mummunan kallo ga matsala suna ciyar da juna: wanda ya yawaita tuƙa wannan watan, wata mai zuwa ya fi ganin matsaloli sun fi ƙarfinsa, wanda kuma yake ganin sun fi ƙarfinsa, wata mai zuwa tuƙarsa ta ƙaru. Kuma wannan yana faruwa ba tare da wani sabon rikici ya auku tsakaninsa da mutane ba. Wato wutar tana cin kanta, ba sai an ƙara mata itace daga waje ba.

Na biyu, abubuwan da suka yi hasashen ƙaruwar ciwon damuwa nan gaba su ne saƙa da warwara da kuma gaggawa, amma su biyun ba su da alaƙa da juna. Hanyoyi biyu ne daban masu ɓullewa rami ɗaya. Wannan ya dace iyaye da abokai su riƙe, domin mun saba damuwa da yaron da ya yi shiru ya shige ɗaki, mu ƙyale wanda yake ta fafutuka yana yanke hukunci barkatai muna cewa ai shi jarumi ne, ba ya sa abu a ransa.

Irin wannan bincike yana da iyaka. Ɗalibai ne suke cike takarda da kansu, wasu kuma sukan zame kafin a gama, a na Japan 165 ne suka kai awo na uku. Ciwon damuwa kuma ba uwa ɗaya ta haife shi ba. Akwai gado, akwai talauci, akwai rashin lafiyar jiki, akwai mutuwar makusanci da cin zarafi. Wanda ya kamu ba shi ya jawo wa kansa da "yawan tunani" ba, kuma shi kansa ciwon yana haifar da tuƙa kamar yadda tuƙa take ƙara shi. Abin da ya sa aka fi mai da hankali kan salon tunani shi ne, cikin duk waɗannan, yana cikin 'yan kaɗan da ake iya sauyawa a cikin makonni.

Daga "me ya sa" zuwa "ta yaya"

Shawarar da muka fi bayarwa, "ka daina tunani, ka cire abin a ranka," ita ce mafi ƙarancin amfani. Zuciya ba fitila ba ce da za a hure. Edward Watkins na jami'ar Exeter a Ingila ya nuna cewa abin da ake iya sauyawa shi ne irin tambayar da mutum yake yi wa kansa. Tambayoyin "me ya sa" suna hawa sama su bar abin da ya faru, su koma hukunci a kan mutum gaba ɗayansa: me ya sa kullum nake faɗuwa, me ke damuna. Ba su da amsar da za a kama da hannu, shi ya sa ba sa ƙarewa. Tambayoyin "ta yaya" kuwa suna saukowa ƙasa: ta yaya abin ya faru, a wace rana, wace tambaya ce ta gagare ni, mene ne mataki na gaba. A gwaje-gwajensa, masu ciwon damuwa da aka karkata tunaninsu zuwa ga irin wannan dalla-dalla sun fi iya warware matsala fiye da waɗanda aka bari a kan "me ya sa", alhali duka biyun a kan kansu suke tunani.

Ga yadda abin zai kasance ga ɗalibinmu. Ya samu takarda da biro, domin abin da ke kan takarda ba ya juyawa kamar wanda ke cikin kai. Ya zazzage duk abin da ke damunsa: kwas biyu, Baba, kuɗin ɗaki, yarinyar da ta daina amsa saƙo. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, don haka ya ɗauki ɗaya tak. "Ni ba ni da kan karatu" ba matsala ba ce da za a iya warwarewa, hukunci ne. "Na faɗi lissafi domin ban yi aikin gwaji biyu ba kuma ban gane babi na huɗu ba", wannan ita ce matsala, tana da kai tana da ƙafa. Sai ya jero duk hanyar da ta zo masa, har da marasa kan gado, bai yanke wa kowace hukunci ba sai ya gama. Sannan ya zaɓi ɗaya, ya sa mata rana da lokaci: gobe Talata ƙarfe goma zan ga malamin da ke kula da ajinmu in ji nawa zan iya ɗauka a zango mai zuwa. Ranar Laraba ya duba abin da ya fito.

Akwai wani ɗan ma'auni da kowa zai iya yi wa kansa. In ka shafe kamar rabin awa kana juya abu ɗaya, tsaya ka tambayi kanka ko ka fito da wani abu da za ka iya yi, ko ka fahimci wani abu da ba ka sani ba ɗazu. In babu ko ɗaya, tuƙa kake yi. Tashi ka yi wanki, ka je filin ƙwallo, ka taka zuwa masallaci, ka yi duk abin da zai kama hankalinka da jikinka na ɗan lokaci. Amma ka tuna darasin minti takwas ɗin nan: ɗauke hankali share fage ne don a dawo a fuskanci matsalar da kai mai sanyi. In aka tafi ba a dawo ba, an koma layin masu kauce-kauce.

Hira ma tana da nata tarkon. Wata mai bincike a Amurka, Amanda Rose, ta nuna a 2002 cewa abokai, musamman 'yan mata, sukan yi tuƙa tare: a zauna a maimaita matsala ɗaya, a tona ta, a yi ta hasashe, gobe a sake. Zumunci yana ƙara danƙo, damuwa ma tana ƙaruwa. Ƙawa ta gari takan saurara har a gama, sannan ta ce, "To yanzu me za mu yi?"

Wata matsalar kuwa ba ta hannunka ba ce. Ɗaliban jami'o'in gwamnati a Najeriya sun zauna a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, wata takwas cur, saboda yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU, bayan wanda aka yi na kusan wata tara a 2020. Babu takarda da biron da za su buɗe makaranta. Masu koyar da wannan hanya sukan fara da raba matsaloli gida biyu, wanda ake iya taɓawa da wanda ba a iya taɓawa. Na biyun nan ne muhallin haƙuri da addu'a da barin wa Allah, kuma malamanmu sun daɗe suna cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Ba ka da iko a kan ranar komawa, amma kana da iko a kan abin da za ka yi da safiyar gobe.

Mafi kyawun shaidar cewa wannan hanya tana aiki a Afirka ta fito ne daga Zimbabuwe. A harshen Shona ana kiran wannan ciwo kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani, daidai yadda muke faɗa. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ganin likitoci irinsa ba su taka kara sun karya ba a ƙasar, ya koya wa tsofaffin mata masu aikin lafiya a unguwa hanyar warware matsala daki-daki. Suna zama da mai damuwa a kan bencin katako a harabar asibitin unguwa, su saurare shi, su taimaka masa ya zaɓi matsala ɗaya ya tsara mata mataki. Shirin ya fara ne a unguwar Mbare ta birnin Harare, ana kiransa Bencin Abota. A gwajin da aka buga a 2016, mai mutum 573 a asibitoci 24, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne suke da sauran alamomin ciwon damuwa, a rukunin da ba su zauna a bencin ba kuwa kusan rabi. Zama shida ne kawai. A shekarar 2016 ɗin dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin mai zama biyar, wanda aka gwada a Pakistan da Kenya, da nufin wanda ba likita ba ya iya koyar da shi. Ni a ganina babu abin da zai hana kowace jami'a tamu ta horar da 'yan aji huɗu da masu kula da ɗakunan kwana su yi irin wannan aiki. Benci da inuwar darbejiya ba su gagare mu ba.

Takarda da biro suna da inda suka tsaya. In an wuce mako biyu ba barci ba abinci, in ɗalibi ya daina fita lakca ya daina wanka, in ya fara cewa shi nauyi ne a kan iyayensa ko gara ya huta gaba ɗaya, an wuce wurin nasiha. Ciwo ne, kuma yana jin magani, na baki da na haɗiya. Asibitin makaranta shi ne ƙofar farko. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Zuwa can ba hauka ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya a sirranta masa al'amarinsa kuma kada a nuna masa bambanci.

Mai wannan ciwo da wuya ya kai kansa, domin ciwon ne da kansa yake raɗa masa cewa babu amfani. Don haka maganar taku ce, 'yan ɗaki da abokan karatu. In kun lura na gadon sama ya kwana biyu ba ya saukowa, kada ku tsaya a "ka yi haƙuri". Ku zauna ku tambaye shi ƙarara ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa wa mutum ra'ayin da ba shi da shi. In ya ce e, kada ku bar shi shi kaɗai, ku sanar da wani babba, ku raka shi asibiti a ranar.